Kawu Yana Rufe Ido In Yana Kiɗa

Su uku ne a ƙungiyar, shekara huɗu suna kiɗan jaz tare. Auta ce mai piyano, yayanta ne mai ganga, sai Dogo mai bas, ƙaton abin kiɗan nan da ake tsayarwa a ƙasa a rungume. A takarda Auta ce shugaba, don ita ke tsara waƙoƙin. A zahiri kuwa ko ruwa take so sai ta jira wani ya fara jin ƙishi.

Da za su naɗi faifansu na farko, suka gayyato wani dattijon makaɗin gita da kowa ke kira Kawu. Wuni ɗaya ya ba su, ƙarfe huɗu zai tafi. Akwai waƙa guda da Auta ta fi ƙauna, kuma a cikinta kaɗai ta ware wa kanta wurin da za ta saki hannu ita kaɗai, bayan Kawu ya gama nasa.

Su ukun suna da al'adarsu: in lokacin mutum ya ƙare, Auta za ta ɗaga kai ta kalle shi, shi ke nan. Abin da ba wanda ya sani shi ne Kawu rufe ido yake yi in yana kiɗa.

Aka fara. Kawu ya zaga waƙar sau biyu, Auta ta ɗaga kai. Ya zaga na uku, ta sake ɗagawa. Ta gyaɗa, ta gyaɗa, har ta ga kanta a jikin gilashin ɗakin injiniyan da ke naɗar sautin kamar ƙadangare a kan katanga. Bayan minti tara injiniya ya ɗaga hannu, aka tsaya, ita ko fara nata ba ta yi ba.

"Madalla, Kawu," in ji ta. Abin da ya fito daga bakinta ke nan.

Naɗi na biyu ma haka. Wannan karon har tari ta yi, amma irin tarin da ita ma da ƙyar ta ji shi.

Da aka tashi hutu yayanta ya ja ta gefe. "Auta, wuyanki zai tsinke. Ki gaya masa mana."

"Kai ka gaya masa, Yaya."

"Ni ɗan amshi ne. Ke ce shugaba, haka aka rubuta."

Dogo ya ce, "Ko mu ɗaura masa igiya a ƙafa, in lokaci ya yi ki ja?"

Ta shiga banɗaki ta tsara maganar a gaban madubi, ta yi kyau, har da "don Allah" guda biyu. Ta fito ta tarar da Kawu yana goge wayoyin gitarsa da ƙyalle. Ta tsaya a kansa. Ya ɗago.

"'Yata, lafiya?"

"Kawu... shayin, a ƙara sukari?"

Haka ta koma kan kujerarta tana jin haushin kanta. Mace mai shekara ashirin da shida, ta iya juya waƙa ciki da waje, amma 'yan kalmomi sun gagare ta. Agogon bango ya nuna uku da rabi. Injiniya ya yi magana ta lasifika, ya ce wannan ne naɗi na ƙarshe.

Kawu ya zaga sau ɗaya, ya zaga sau biyu, ido a rufe. Auta ba ta ɗaga kai ba. Kawai ta danna hannu biyu a kan piyano ta faɗa cikin kiɗansa. Don rawar jiki, bugun farko a karkace ya fito, kamar an yar da faranti. Kawu ya buɗe ido, ya janye hannu, ya bar mata fili. Ta ci gaba. Kunya ta riga ta gama cinye ta, ba sauran abin tsoro, sai ta yi kiɗan da ba ta taɓa yin irinsa ba ko a gida.

Da aka tsaya, Kawu ya yarfe yatsunsa. "Haba 'yata! Tun safe nake jira ki kore ni. Mu a wajenmu mutum ba ya tsayawa sai shugaba ya shigo masa. Na zaci hukunta ni kike yi."

Yayanta ya kifa kai a kan ganga yana dariya.

Suka taru wajen injiniya aka sake kunna naɗin. Bugun nan na karkace yana nan daram. Auta ta rufe fuska da tafin hannu ta tambaya ko za a iya goge shi.

Injiniya ya ce, "A ɗaki ɗaya kuka yi, ya shiga makirfon ɗin kowa. In na cire shi, sai dai in cire naki gaba ɗaya."

Kawu ya riga ya rufe akwatin gitarsa. Kowa ya juyo yana kallonta.

"A bar shi," in ji ta. Injiniya ya ce bai ji ba. Sai ta maimaita, da ɗan ƙarfi.