Amon Turmin Kyauta

A ƙasar Gumel, in ana zancen gwanayen shirya wasan kalankuwa, mutum biyu ake kira. Akwai Ilu na Gagarawa, shi nasa wasan ganga ne da tsalle, a watse kowa na riƙe da ciki don dariya. Sai Ɗantsoho na Ɗanzomo. Shi wannan bawan Allah ba ya yarda da kayan ƙarya a fili. In wasa na bukatar fartanya, sai an kawo wadda ta sha noma. Inda kowa ke jiran kiɗa, nan yake hana makaɗi taɓa ganga. Ana cewa gwani ne. Gwani ne mana, amma ku tambayi matarsa Kyauta.

Shekarar yunwar Kakalaba, Ɗantsoho ya tafi Maigatari neman hatsi wurin fatake, ya daɗe bai dawo ba. Ya bar Kyauta da ɗansu na fari, Mati, da rumbun da ko ɓera ya daina leƙawa. Ita kuwa ba ta iya roƙo ba. Kullum la'asar, lokacin da mata ke daka, sai ta jawo turminta mai tsaga a gefe ta yi ta daka shi ba ko ƙwayar gero a ciki, don maƙwabta su ce gidan Ɗantsoho ana ɗora tukunya. Da yaron ya rasu ta ce zazzaɓi ne, aka kuma yi mata gaisuwa a kan zazzaɓi. Rufin asirin nan shi kaɗai ya rage mata a duniya. Mijinta kawai ta faɗa wa gaskiya, bayan ya dawo.

Da Allah ya kawo kaka mai kyau, samari suka ce a yi kalankuwa. Ranar wasan Kyauta ta ga Ɗantsoho yana mirgina turminta zai fita da shi.

"Maigida, ina za ka kai shi?"

"Aro ne. Amonsa nake so."

Ta riƙe bakin turmin. "Don girman Allah kada ka tona ni."

"Ba mai ambaton sunanki," in ji shi. "Ba ma mai yin magana."

Bai yi ƙarya ba. Da la'asar aka kafa zana a tsakiyar dandali, aka sa wata yarinya a bayanta da turmi, ba mai ganin ta. Ba kiɗa, ba waƙa. Sai taɓarya ta fara sauka, ƙwam, ƙwam, a bushe. Kyauta tana can bayan mata, ta ɗan ji sanyi a ranta, tun da dai ba mai ganin cikin turmin.

Maza suka shiga duban juna, ba su gane komai ba. Amma Rabi, maƙwabciyarta da zana ɗaya ta raba su, tuni ta rufe fuska da mayafi. Ta kusa da ita ta sunkuyar da kai. Kafin ka ce me, duk matan suna kuka a hankali. Wata tsohuwa ta ce, "Allah sarki, Mati."

Kyauta ta dubi matan. Ashe sun sani. To wace mace ce ta taɓa riƙe taɓarya ba ta san kukan turmin wofi ba? Ita kanta ta sani, yunwa ce ta sa ta yaudari kanta.

Da aka tashi, maza sun kewaye Ɗantsoho suna cewa Ilu bai taɓa sa mata kuka haka ba, shi kuwa baki har kunne. Kyauta ta tare Rabi a hanya.

"Yaya Rabi, lokacin yunwa kuna jin dakana?"

"Kullum muna ji."

"Kuma kuna da ɗan abin da za ku miƙo?"

Rabi ta ce, "Akwai 'yar dusar da na ɓoye. Na sha ɗebowa in zo bakin zana, sai in ji kina daka. Sai in ce in na miƙo, na ba ki kunya."