Ihun Ɗanliti a Fadamar Shinkafa

Shekarar da Bature ya naɗe tutarsa, sanƙarau ya kwantar da Ɗanliti a Geza. Ya tashi da ransa, amma ciwon ya bar masa tsaraba: ihu. Ba hauka ba ce, yana sane da komai. Haka kawai wuyansa zai sandare, ƙara ta ɓalle masa, ya yi ta yi har gumi ya jiƙa shi, sannan ya bi mutane yana ba su haƙuri. Ranar da abin ya kama shi ana tsakiyar sallar Juma'a, liman ya ce ya riƙa yin tasa a gida. Tun daga nan ba shi da buri sai na komawa sahu.

Yayansa Lauwali, wanda bakinsa ya fi zuma zaƙi, ya ce akwai mai magani bayan Lolo, cikin ƙasar Dahomi. Da kansa ya raka shi, har da riƙe masa jaka. Ya ɗora shi kan wata rumfa tsakiyar fadamar shinkafa, ya ce, "Maganin ke nan, ƙanena. Iskar gulbi ka zuƙe ciwon. In ya taho kak ka danne shi, sake shi duka."

Lauwali ya koma gida, Ɗanliti ya zauna da zuciya ɗaya. In ihu ya zo sai ya sake shi, tsuntsayen jan-baki su tashi su watse, shi kuwa yana murna ciwo na fita.

Da shinkafa ta fara nuna, ya tambayi Gaji, tsohuwar da ke kawo masa fura, "Inna, yaushe mai magani za ya duba ni?"

Ta aje furar ta ce, "Wane mai magani, ɗana? Maigidan ga manomi na. Yayanka ya ba da aronka korar tsuntsaye, a ba shi shinkafa in an yi girbi. Har ta baɗi sun gama magana."

Uwa ɗaya uba ɗaya! Don baƙin ciki ya ture furar gefe. Ya rantse gonar nan ba ta ƙara jin muryarsa. Ya cusa gefen rigarsa a baki, yana kallo jan-baki suka sauka suna ta wasoso.

Can sai wuyansa ya fara sandarewa. Ya ciji rigar har jini ya fito, ya roƙi Allah ya ba shi ikon danne ihun ko sau ɗaya. Ihun ya fasa ya fita, tsuntsayen suka tashi kaf. Daga bakin fadama, mai gonar ya ɗaga masa hannu yana jinjina.