Dokin da Ya Karkata Hagu

Sammani yana goge fenti daga yatsunsa da kananzir lokacin da Malam Datti ya gama duban allon. Tsohon ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Doki mai kyau. Na wane ne?"

Shekara ashirin da biyu Sammani yana zana dawakai a bayan motocin da ke lodin tumatir a bakin titin Zariya, ba direban da ya taɓa yi masa wannan tambayar. Dokinsa ɗaya ne, launi kawai yake canzawa: ƙirji a buɗe, ƙafafun gaba a sama, kamar zai tsallake motar da ke biye.

"Baba, Bidi ne fa," in ji Kubra, 'yar tsohon.

Ita ta ɗauko Sammani daga Kura don ya zana Bidi, dokin tsohon. Sati uku ke nan da mutuwar Bidi, kuma tun ranar mahaifinta bai leƙa gonarsa ta bakin kanal ɗin ban ruwa ba, tuwo ma sai dai ya taɓa ya ture. Dokin bai bar ko hoto ɗaya ba. Ta ce wa Sammani, "In ya gan shi, ƙila ya ci abinci."

Sammani ya gyara murya. Yana da wani karatu da ya tsinta a waya, wanda yakan yi wa direbobi idan fenti bai bushe ba.

"Baba, ai zanen doki tsohon ilmi ne. Tun mutane na kwana a kogo suke zana shi a bango. Turawa ma sun yi ɗaruruwan shekaru suna zana shi a guje, ƙafa huɗu a miƙe kamar an shanya fata. Sai da kyamara ta zo aka gane doki ba ya gudu haka."

"Ba su da dawakai a garin nasu?"

"Suna da su."

"Ashe ba kai kaɗai ne ba ka dubawa ba."

Kubra ta rufe baki da mayafi. Tsohon kuwa ya laluba sandarsa ya miƙe. "Taso, yaro." Sammani, da furfurarsa, ya taso.

A bayan gida akwai injin matse rake, da dogon itacen da ake ɗaura wa doki ya yi ta zagayawa, ruwan rake na zuba, a dafa mazarƙwaila. Kofato ya ci ƙasar wurin har ta zama zobe.

"Shekara goma sha huɗu a nan," in ji Malam Datti. "Kullum hagu. Har jikinsa ya koya. In na hau shi zuwa kasuwar Bunkure na kuskura na yi gyangyaɗi, sai in farka a ƙofar gidana."

Sammani ya tsuguna ya taɓa zoben. Yaya doki ke tsayuwa bayan shekara goma sha huɗu yana tafiya bai je ko'ina ba? Waya ba ta faɗa masa wannan ba. Ya cire hula, ya sa kafaɗa a jikin itacen, ya tura.

A zagaye na uku matan maƙwabta suka leƙo ta kan danga. A na shida wata ta ce, "Malam Datti, sabon naka bai kai tsohon ƙiba ba!" A na goma ya saki itacen ya nufi inda kayansa suke, sai ƙafafunsa suka kai shi gindin dalbejiya, can hagu.

Ya juya bayan allon. Kafin la'asar ya gama doki mafi muni da ya taɓa zanawa: wuya a sunkuye, kafaɗa ɗaya a saɓule, kunne ɗaya a kwance, jiki duk ya jingina hagu kamar bangon da damina ta ci. Da direba ya kai wa wannan, da da kulki za a biyo shi.

Malam Datti ya kawo fuskarsa dab da allon. Can ya ce wa dokin, a hankali, "Kai, malalaci. Nan ka zo ka ɓuya?"

Kubra ta rataye allon a zaure, ta ja baya ta duba, ta ɗan ɗaga gefe ɗaya don dokin ya miƙe.

"Bar shi yadda yake," in ji tsohon. "Kuma ki kawo wa yaron nan tuwo, ya yi aikin doki yau." Ya gyara zama a kan tabarma. "Ki zubo da yawa. Ba a barin baƙo ya ci shi kaɗai."