Kunyoyi Ukun da Baba Nomau Ya Ci

"Malam Istifanus, Baba ne ya aiko ni. Ya ce jikin ba nasa ba ne, yana roƙon a ba shi Jibin Ubangiji."

Rifkatu ce, 'yar maƙwabcina Nomau, durƙushe a bakin zaure. Na rufe littattafan ɗalibai da nake dubawa, na jera su ɗaya bisa ɗaya, sannan na amsa gaisuwarta.

Shekara tara ke nan Baba Nomau yana ƙarƙashin horo a majami'armu. Bencin baya yake zama, kuma ba a miƙa masa gurasa ko ƙoƙo. Laifinsa kowa ya sani. Lokacin da aka tura ni koyarwa nesa, ya tumɓuke gambar da ta raba gonakinmu, ya ci kunyoyi uku. A cikin kunyoyin nan kabarin mahaifina Barmo yake. Ya baje shi, ya shuka gero a kai. Da na dawo, ko wurin ban gane ba. Dattawa suka ce ya mayar, ya ce gonar kakansa ce. Yau ni ne babban dattijon ikkilisiya, kuma ba a ɗage wa kowa horo sai da bakina.

Na same shi kwance a kan tabarma gindin rumbu, ƙafafu sun kumbura, kaji na ta kai-komo a gefensa.

"Sannu, Baba. Yaya jikin?"

"Ɗan Barmo, ka zo? Zauna. Ka ga dai yadda na koma." Ya yi tari mai tsawo. "Kai da bakinka kake koya mana cewa ceto alheri ne, kyauta, ba ladan aiki ba. Ko ƙarya kake mana?"

"Gaskiya ne, Baba. Amma ka san ba a nan nake tsayawa ba. Wanda alheri ya kama, hannunsa yakan saki abin da ba nasa ba."

"To ai na tuba."

"Kunyoyi uku, Baba."

"Haba, Malam! Geron ya fid da kai, bai yi ido ba. Shi ne abincin yarinyar nan. Ka bari a girbe."

"To, babu laifi," na ce a hankali, yadda nake wa ɗalibin da bai yi aikin gida ba. "Jibin ma a bari sai an girbe."

Na gyara masa zanen da ya zame daga kafaɗarsa, na fita. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, kuma ba zan ɓoye muku ba.

Fastonmu ƙauyuka huɗu yake riƙe da su, sai ya zagayo muke ganinsa. Ranar Talata ya biyo a babur, da akwatin kayan Jibi ɗaure a baya. Ya sha ruwa a gidana, ya tambaya, "Akwai marasa lafiya, Dattijo?"

Daga inda muke zaune ana jin tarin Nomau ta kan danga.

"Sai ɗan zazzaɓin damina," na ce. Na raka shi har bakin hanya. Ya ce sai Lahadi.

Ranar Alhamis da hantsi, ina dawowa gida daga makaranta don ɗaukar alli, na hango amalanke a gona. An kwantar da Nomau a ciki, an kare masa rana da buhu. Rifkatu na cikin gero da lauje, tana sara tana kuka, ɗanyun karare na zubewa.

"Ƙara gaba," yake ce mata. "Har ukun duka. Kada ki bar ko ɗaya."

Da ya gan ni, ya ɗaga hannu da ƙyar. "Zo, ɗan Barmo. Yi taku bakwai daga kukar nan, ka fuskanci gabas. Yauwa. Nan ubanka yake. Ni na haƙa masa ramin, shi ya sa na sani." Ya numfasa. "Shekara tara ban taɓa sa garma a nan ban ji shi ba. Yanzu kira mini Fasto."

Na kira. Yana can wajen Dawanau wurin wata jana'iza, babur ɗin kuma ya lalace. Ya ce zai yi ƙoƙari gobe.

"Da ka faɗa mini ranar Talata, Dattijo, ai kayan na tare da ni."

Muryar Fasto na fitowa fili daga wayar. Rifkatu ta ji. Ta daina saran, ta dube ni.

Nomau ya cika ranar Juma'a kafin azahar. An ce har ƙarshe, duk ƙarar babur da ya ji sai ya ce, "Ga shi nan." Fasto ya iso da la'asar, ya kwance akwatin daga bayan babur, ya sake ɗaure shi. Maƙwabtanmu Musulmi suka zo da diga da shebur, muka haƙa tare. Ni na shiga ramin na karɓe shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan.

Washegari da safe na buɗe ƙofa na tarar da Rifkatu tana sauke dami na uku a bakin zaurena.

"Ga naku, Malam," ta ce. "An girbe."

Ta juya ta shiga gidansu. Kajina suka taso da gudu, suka hau kan damman suna tsattsaga korayen zangarniyoyin. Da ba su sami ƙwaya ba, suka sauka ɗaya bayan ɗaya, suka watse.