Bargon Rigunan Yaya

Duk dangi Goggo suke ce mata, har ƙanwarta da suke ciki ɗaya. Ta fi shekara talatin tana ɗinka barguna da hannu, irin waɗanda ake harhaɗa ƙyallaye a yi musu fuska, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a rufe da shafi ta baya. Ba ta taɓa sayen keken ɗinki ba, tana cewa keke gudu ya iya, bai san abin da yake takawa ba. Kafin ta sa almakashi a jikin kowane yadi sai ta wanke shi, ta goge, ta ɗaga shi a hasken taga ta ga inda ya yi rauni da inda yake da sauran ƙarfi. Da haka ta saba karanta mutane. Ta kan gane mai jingina da gwiwar hannu a tebur, da mai cika aljihu da makullai, da macen da ta rame ta rage wa rigarta faɗi.

Yayanta ya rasu da sati uku ɗansa ya zo. Tun yana ƙarami ake kiransa Manaja saboda yadda yake tara yaran layi yana raba musu aiki shi yana zaune, sai ga shi ya girma ya zama manajan gaske a wani kamfani. A gidansa Yaya ya yi shekara biyun ƙarshe, bayan da tunaninsa ya fara rikicewa.

Manaja ya ajiye mota a ƙofar gida, ya buɗe bayanta ya sauke wani akwati mai taya.

"Goggo, kayan Baba ne. So nake ki haɗa mana bargo babba, mu rataya a falo. Duk wanda ya shigo ya tuna da shi."

"Bargo dai lulluɓa ake yi da shi," in ji Goggo. "Amma kawo mu gani. Waccan baƙar ledar fa?"

"Shara ce. Mantawa na yi ban zubar a hanya ba."

Ta latsa ledar da yatsa ta ji laushin tsumma. Ita kuwa a rayuwarta ba ta yarda akwai tsumman da ya zama shara ba. Wayarsa ta yi ƙara, ya juya baya yana ba wani umarni, ta jawo ledar ta jefa a bayan ƙofa. Ya tafi bai lura ba.

Akwatin ta fara buɗewa a kan tebur. Riguna goma sha ɗaya, wanduna bakwai, duk masu tsada, wasu da takardar kanti a wuya, wasu ko allurar da aka maƙale su da ita ba a cire ba. Ta ɗaga ɗaya bayan ɗaya a hasken taga, ba ta ga komai ba. Babu gumi a wuya, babu maɓallin da aka sauya, babu aljihun da ya saki. Yaya ya yi shekara talatin yana raba wasiƙu a kan keke, kafaɗarsa ta dama ta sauka saboda igiyar jaka, kuma duk rigar da ya sa sau biyar sai ta koyi wannan karkacewar. Waɗannan ba su san shi ba.

Sai ta fita tsakar gida da baƙar ledar, ta yanke ƙullin da almakashi.

Warin ne ya fara fitowa. Zarni ne wanda ya tsufa, ya haɗu da ƙarnin gyambo da tsamin abincin da ya ruɓe. Ta ja da baya har ta yi karo da bokiti, ta durƙusa a bakin magudana ta amayar da shayin safe. Da ta samu kanta ta ɗaure hanci da ɗankwali, ta samo sanda ta riƙa jawo kayan waje. Riguna uku ne na kaki, tsofaffin kayan aikinsa, da wanduna biyu da zanin gado ɗaya. Wandunan sun sandare kamar fatar da aka shanya. Kashin ɓera ya zubo daga aljihu. A gaban rigunan abinci ya bushe hawa-hawa, na wata rana a kan na wata rana.

Ta so ta tattara ta ƙona, amma idonta ya riga ya fara aikinsa. Duka rigunan uku a gefen hagu suka ci, daga kafaɗa zuwa ƙugu, kuma a nan jini da mugunya suka zauna. Wato kwance yake a gefe ɗaya, babu mai juya shi. Bakin hannun kowace riga ya murɗe ya yi baƙi, kamar an daɗe ana shaƙe shi da wani abu. Ba ta gane ba sai da sandar ta ɗago wasu dogayen tsummoki biyu masu ƙulli a kowane ƙarshe. Shuɗi ne mai ƙananan ɗigo farare. Ta sunkuya ta ga ɗinkin, ƙanana a jere, bakwai a tsawon gaɓar yatsa. Hannunta ne. Bakin bargon da ta aika wa Yaya ne lokacin da ya koma gidan Manaja, aka keta shi aka ɗaure masa hannuwa a gado.

Kwana uku tana wanki. Ta dafa ruwa a babbar tukunya, ta jiƙa, ta zubar, ta sake dafawa, ruwan yana fita kamar na kwata. Maƙwabciyarta ta leƙo ta katanga tana tambaya ko wani abu ne ya mutu a magudana. Goggo ta ce e, ba ta ƙara ba. Abinci ya ƙi shiga. Ko ta wanke hannu sau biyar, in ta kai loma baki sai ta ji warin a farcenta.

Ran Asabar Manaja ya dawo tare da matarsa. Matar ta shigo da ƙamshin turare, ta ɗaga waya tana nuna hoton kujerun falonsu.

"Goggo, kin ga ruwan toka ne da ɗan ruwan zuma. In da hali a bar jajayen rigunan nan, za su yi faɗa da labule."

Goggo ba ta kalli wayar ba. Ta ce su biyo ta. A tsakar gida kayan suna kan igiya, sun fita iya fitar da za su yi, amma tabon gefen hagu yana nan kamar taswira. Tsummokin biyu ta rataye su daban.

Matar ta toshe hanci, duk da yanzu ba abin da ke tashi sai sabulu. Manaja ya tsaya da makullin mota a hannu.

"Na ce miki shara ce, Goggo."

"Ka faɗa. A wane ɗaki yake kwana?"

"Na baya. Kusa da inda muke ajiye kaya."

"Wa ke juya shi?"

"Mun ɗauki mai jinya, ta yi wata biyu ta gudu. Muka ɗauki wata, ya kwaɗa mata kofi a fuska. Ni ina fita tun safe, ita ma tana aiki."

"Shi ne kuka ɗaure shi."

"Sau biyu ana tsinto shi a babban titi da takardun shara a hannu, wai wasiƙu zai kai. Kin fi so mota ta take shi?"

"Kuma ba kullum ba ne," in ji matar. "In za mu fita ne kawai, ko in muna da baƙi. Goggo, ba ki san yadda gidan yake yi ba. Har a labule ake jin abin."

Goggo ta dube ta, ta dubi faratanta masu sheƙi.

"Waɗancan sababbin kayan fa, na mene ne?"

"Duk wata sai na saya masa," Manaja ya ce, kuma da gaske yake faɗa, har da ɗan alfahari. "Ba abin da Baba ya nema ya rasa. Sa masa su ne ba amfani, cikin awa ɗaya zai ɓata."

"Ɗauki akwatinka. Ba zan ɗinka ba."

Ya juya makullin a yatsa. Da ya buɗe baki muryarsa a kwance take, irin wadda yake sallamar ma'aikata da ita.

"Goggo, ba rashin kunya zan yi miki ba. Daga nan zuwa gidana mota ɗaya ce. Yaushe rabonki da shi kafin ya rasu?"

"Kullum na kira sai ka ce yana barci."

"Haka ne. Ke kuma sai ki ce to, a gaishe shi."

Ya ja akwatinsa, tayoyin suna ƙara a kan siminti, matar tana biye tana kare gefen rigarta kada ya taɓa igiyar shanya.

Goggo ta zauna a kan bokitin da ta kife. Wata tara ne. Zuwanta na ƙarshe Yaya ya kama hannunta yana kiranta da sunan mahaifiyarsu, yana kuka wai a kai shi gida, miyau yana zuba a kan hannun rigarta. Da ta dawo sai da ta wanke rigar sau biyu. Daga ranar, duk lokacin da Manaja ya ce yana barci, wani sanyi take ji a ranta, ta ajiye waya ta koma kan allurarta. A cikin wata taran nan ta gama barguna huɗu, har da na wata mata da ta so a sa mata hoton kyanwarta.

Washegari ta goge kayan ta fara yanka. Ta yanko kwali murabba'i, ta riƙa ɗora shi a duk inda yadin yake da sauran rai, tana zagayewa da alli. Abin da ya tsira kaɗan ne: bayan riga ta gefen dama, murfin aljihu, ƙasan ƙafar wando. Kowane murabba'i ta ɗora masa ƙyalle mai kusurwa uku daga sama, ya zama kamar ambulan da aka rufe, ta sa ɗan ja ƙarami a gefe a matsayin kan sarki. Ashirin da huɗu suka fita. Huɗu daga ciki da gangan ta yanko su daga gefen hagu, inda tabon ya ƙi fita, ta yi musu shafi biyu don kada su yage. Tsummokin shuɗin nan ta kwance ƙullinsu da bakin almakashi, ta goge, ta mayar da su baki kamar yadda suke a da, sai dai inda suka murɗe ya ƙi kwanciya ko ta danna da dutsen guga. Wata biyu ta yi a kai. Da ta gama, bargon bai fi ya rufe gwiwar mutum a zaune ba.

Kafin nan Manaja ya kai akwatinsa wurin wani tela mai keke, an gama masa cikin kwana biyu. A satin da ta gama nata ya tura hoton ga dangi: bargon a bango saman doguwar kujera, shi da matarsa a tsaye a gefe. Goggo ta buɗa hoton da yatsu biyu ta ga kusurwoyin ba su haɗu ba, layin tsakiya ya tafi a karkace kamar tafiyar mashayi. Babu ja ko ɗaya.

Da hantsi Auta, ƙanwarta, ta kira daga garin da take aure.

"Goggo, na ga aikinki. Allah ya yi wa hannun nan albarka. Yaron nan kuma ya cika ɗa, ya riƙe ubansa da rai, ya riƙe shi bayan rai."

"Ba ni na yi wancan ba. In kin samu hanya ki zo ki ga wanda na yi."

Auta ta zo bayan sati biyu. Goggo ta zuba mata shayi, ta share tebur, ta shimfiɗa ƙaramin bargon.

"Kai, kakin Yaya," Auta ta ce tana murmushi, ta kai hannu. "Har da wasiƙunsa. Wannan duhun fa, rini ne ya zuba?"

"Zan gaya miki. Amma bari in fara da nawa. Wata tara ban taka gidan ba, kuma lafiyata ƙalau."

Ta bi ambulan ɗin ɗaya bayan ɗaya da yatsa, tana faɗin daga inda ta yanko kowanne da abin da ta tarar a wurin. Ba ta rage komai ba, har kashin ɓeran. Tun a na biyar Auta ta janye hannunta ta goge a cinya. Da aka zo kan shuɗin bakin, ta ture kofin shayin gefe.

"Ya isa, Goggo. Mutumin nan ya riga ya tafi. Me za a yi da wannan maganar yanzu, in ba raba zumunci ba?"

"Ke yaushe rabonki da shi?"

"Ni ai nisa gare ni."

Ta ce tana so ta kama motar rana kafin ta cika. A bakin ƙofa ta tsaya tana gyara jaka a kafaɗa, ta ce don Allah kada Goggo ta nuna wa sauran dangi wannan abin, kuma in da hali ta sa shi a leda, don kamar har yanzu yana ɗan tashi. Goggo ta raka ta har titi, ta dawo ta zubar da shayin a magudana, ta ɗauki waya ta fara neman lambar babban ɗan kawunsu, don shi za ta fara nuna wa a cikin dangi.