Layar Malam Maniru

Malam Maniru marowaci ne, kuma ba dukiya yake yi wa rowa ba, sani yake ɓoyewa. Shi ke koyar da kiɗan fareti a makarantun Bodinga. Kiɗa arba'in ya tsara, amma ya rubuta su a littafi da waɗansu zane-zane na ƙirarsa, don kada wani ya karanta ya ƙwace masa aiki. Fassarar zanen kuwa ya rubuta ta da tawada a takarda guda, ya sa dukawa suka ɗinke ta kamar laya, ya ɗaura a damtse.

Safiyar wata Talata ta 1983 ta same shi yana kai da komo a tsakar gida, littafin a hannu. Gwamnati na rage ma'aikata, malamin kiɗa ɗaya za a bari tsakanin Bodinga da Shagari, kuma yau sufeton makarantu zai gwada su. Shekara uku ke nan da kayan busa suka lalace, bai buɗe littafin ba. Yanzu ya duba, zanen ya zame masa baƙo.

"Balaraba, miƙo reza!"

"Mi kaka biɗa cikin laya, Malam?" in ji matarsa. "Aski za ka yi mata?"

Ya farke fatar. Zufar shekaru ta jiƙe takardar, tawadar ta narke, sai baƙin dabbare.

A ofishin sufeto ya tarar da Mode, malamin kiɗan Shagari, wanda ke rubuta kiɗansa da do-re-mi, rubutun kiɗa da kowa ya sani, ya raba wa duk mai so. Sufeto ya miƙa takardar Mode ga wani malamin lissafi, mutumin ya rera ta nan take.

"Saura kai, Malam Maniru. Shafi na tara."

Maniru ya ɗaga begilar da aka miƙo masa, ya busa rabi, ya tsaya. Ya sake, kiɗan ya ɓace masa.

"Kawo in taimake ka, yaya," in ji Mode. Ya juya littafin sama da ƙasa. "Wanga kiɗa ne ko sawun kaji?"

"Ranka shi daɗe, a ba ni mako guda," Maniru ya roƙi sufeto.

"Wa zai karanta muna shi bayan mako gudan?" in ji sufeto.

Aka ba Mode garuruwan biyu. Maniru aka sallame shi ran nan, ya koma gida da kiɗa arba'in a hammata, ba ya iya busa ko ɗaya.