Mai Lamba Ashirin

"Ta mata ce," in ji Rilwanu. "Ba ki ga yadda take siririya ba?"

"Ba ta mata ba ce, Malam, ta masu koyo ce. Kai kuma koyo kake yi."

Shafa'atu ta yi maganar ƙasa-ƙasa don kada yayanta Bukar ya ji. Yana can gefe yana hira da Kaftin Osama, mai horarwa a filin harbin. A kan tebur bindigogi biyu ne a kwance: mai lamba sha biyu, mai faɗin baki da ƙarfin tokari, da mai lamba ashirin wadda ba ta wahalar da kafaɗa.

Ita abin da ya dame ta hannun Rilwanu ne. Jibi zai zauna gaban shehinsa ya rubuta allon ƙarshe na neman ijaza, wato shaidar ƙwarewa, a ilimin rubutun Larabci, abin da ya ajiye shi shekaru a wani ɗan ɗaki a unguwar Hay el-Sabi'. Shehin kuwa ko ɗigo ɗaya ya karkace cewa yake a dawo baɗi. Wannan hannun da take ƙauna, mai tabon tawada a babban yatsa, shi ne yau ake so a miƙa wa bindiga ta dake shi, don kawai Yaya Bukar, ma'aikacin ofishin jakadanci, ya ce yana son ganin saurayin ƙanwarsa a wajen da ba masallaci ba.

"Kakana mafarauci ne," Rilwanu ya ce yana ɗaga mai sha biyun. "A gabana yake ɗura bindigar toka. Jini ba ya ɓata."

"Jini ba zai rubuta maka allo ba."

Bai saurare ta ba. Ya sa abin toshe kunne, ya je ya tsaya a wurin harbi. Kaftin ya nuna masa yadda zai danna gindin bindigar cikin kafaɗa, ya kwantar da kuncinsa a kanta, ya ce masa tamam, wato ya yi daidai. Rilwanu ya ba da murya, na'ura ta cilla faifan yumɓu sama. A daidai lokacin da zai ja kunama sai ya ture bindigar gaba, ya kawar da fuska gefe. Ta tashi, gindinta ya dawo ya naushe shi a kafaɗa har sai da ya ja da baya. Faifan ya sauka can cikin yashi lafiya lau.

Shafa'atu ta runtse ido.

"Ya ustaz, manna ta a jikinka!" Kaftin ya ce da Larabci.

Na biyu ma haka, na gaba ma haka. Duk sanda zai harba sai ya nesanta ta da fuskarsa, ita kuma sai ta samu filin da za ta taho da gudu ta same shi.

Bukar ya fara dariya har da dukan cinya. "Ustaz, wallahi na gane. Haka mafarautan garinmu suke yi. Bindigar toka ai ba a amince mata, tana iya fashewa a fuskar mutum, shi ya sa suke miƙa ta nesa. Ashe da gaske kake, jikan mafarauci ne."

Rilwanu ya yi murmushi, daɗi ya cika shi, kamar an ba shi lambar yabo.

"To Yaya ka faɗa masa ya canza mana," in ji Shafa'atu.

"Ya canza me? Bar shi, namiji ne. Yalla Ustaz, ƙara ɗaya, ka kusa samu."

Bai kusa samu ba. Ko ita da ba ta taɓa harbi ba ta san faifan yana gabas, harsashin yana yamma. Haushi ya turnuƙe ta, na su biyun: ɗaya yana kashe kansa don ya burge, ɗaya yana zuga shi don ya sha dariya. Ta tuna yadda Rilwanu ba ya yarda ya ɗauki ko jarkar ruwa da hannun dama idan zai yi rubutu, yadda yake ƙin riƙe ƙarfen sama a cikin jirgin ƙasa na metro. Yau duk wannan tattalin ya watsar saboda kakan da ya rasu tun yana firamare.

Da Rilwanu ya dawo tebur ya ce zai ɗan huta, ya ɗauki kofin shayi da aka zuba masa. Kofin ya riƙa kaɗawa a kan faranti, ƙir-ƙir-ƙir, har shayin ya zube masa a riga. Ya yi sauri ya mayar da shi hannun hagu, yana satar kallonta.

"Ma'alish, ba komai, zafi ne," ya ce.

"Zafi," ta maimaita.

"Saura kwali guda fa," in ji Bukar, yana tura masa harsasai.

Ba ta taɓa ɗaga murya a gaban yayanta ba, balle a kan wani namiji. Amma ta miƙe, ta dafa kwalin da tafin hannunta, ta janyo shi gabanta. Kunya da fushi sun haɗe mata wuri guda.

"Khalas, ya isa. Yaya, ka yi haƙuri, yau ya gama harbi. Yanzu za mu nemi ƙanƙara a sa masa a kafaɗa, ka sauke shi a gida. In ya karɓi ijazarsa sai mu dawo, kuma mai lamba ashirin zai riƙe."